Jinyar Idon Laraba, Kififiyar Inna

Assalamu alaikum. Na san akwai waɗanda za su ga kan labarin nan su yi dariya, su ce Rabi ta rasa abin yi, mutane na kwance a asibiti ita kuma tana ba da labarin jinyar kififiya. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa da farko. Na rubuta ne saboda duk mai kunkurun ruwa a gida, a duro ko a baho, kada ya bi hanyar da na bi, domin a jinyar nan saura kaɗan mahaifiyata ta bar gidana.

Laraba, kififiyar da nake magana, ta girmi aurena. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya tsinto ta a tafkin bayan ƙauyenmu, can gaba da Bakori, wata Laraba da ya je ɗibar ƙasar gini. Lokacin ba ta fi tafin hannun jariri ba. Ya kawo wa Inna, ita kuma ta saka ta a kwamin siminti da ke bakin rijiyar gidanmu. A nan ta girma. Duk wanda ya ja guga sai ya tsiyaya ragowar a kwamin, ruwan ya tumbatsa ya gangara gindin ayaba. Ba wanda ya taɓa cewa yau za a canza wa Laraba ruwa, kuma ba wanda ya taɓa ba ta abincin kirki in ban da ɗan tsakin tuwo. Ita ke kama talibambam da ƙwarinta, ta hau gefen kwami ta sha hantsi. Da muka watse gidajen aure, Baba kuma ya rasu, gidan ya koma daga Inna sai Laraba. Da ita take hira, ita take kai wa ƙarar kaji da ta maƙwabta.

Bara da kaka Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Likita ya ce hawan jini ne, ƙafar hagu ta yi nauyi, kuma dole ta zauna inda za a riƙa lura da shan maganinta. Yayana Sule direban tirela ne, iyalinsa na Legas a ɗaki ɗaya. Sai ni, da nake aure a Funtua ina ɗan ɗinkina a gida. Inna ta ce atafau. Wai ina aka taɓa jin mace da furfurarta ta tare a gidan suruki? Sai da maigidana, Malam Sani, ya je da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya ce shi ma ɗa ne. Ta juya masa baya don kunya, sannan ta ce da ni, ba da shi ba: "In da Laraba, to."

Malam ya raba duron roba gida biyu, muka ajiye rabin a gindin zogale, daidai ƙofar ɗakin Inna. Da sanyin shekara komai lafiya lau, famfo na ɗan kawowa, ina zubar da ruwan in sake wani duk sanda na tuna. Da bazara ta shigo famfo ya ƙafe. Muka koma wa 'yan garuwa, su ma sai an yi musu magiya, ruwan da suke kawowa kuma ja ne kamar an dama ƙasa. Kowace mace a unguwarmu ta san maganin wannan: a jefa ɗan gutsuren alam a randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Haka muka tashi muka ga ana yi. To da na ga ruwan Laraba yana yin duhu, ga shi zubar da rabin duro a wannan marra sai mai ƙarfin hali, sai na ce ai ga sauƙi. Na riƙa jefa mata alam. Kafin azahar ruwan ya washe har kana ƙirga faratanta daga sama. In ya ragu in ƙara kofi biyu a kai. Ni a raina ma gata nake yi mata, har ina cewa Inna, "Kin ga 'yar taki ta zama 'yar birni."

Inna ce ta fara ganin ciwon. Wata safiya ina shara ta ce, "Rabi, Laraba ba ta kallona."

Na ce, "Inna, fushi take yi, ba a ba ta burodi ba."

Ba ta yi dariya ba. Na leƙa, sai na ga tana ta goga fuska da ƙafar gaba, gefen idanun sun yi ja, da wani ɗan farin abu kamar kwantsa. Na ce zafi ne, zai wuce. Wannan makon haka ya ƙare, ina cewa zai wuce.

Mako na biyu idanun suka kumbura suka rufe ruf, kowanne ya yi kamar waken da ya kwana a ruwa. Ta daina cin abinci. In an jefa mata tuwo sai ya nutse ya narke a ƙasa, ita kuma tana can gefe ta karkatar da wuya cikin ƙoƙonta. Ni kuwa da na ga haka sai na ce lallai ƙazanta ce, na ƙara yawan alam. Garin neman gira ke nan.

Cikin makon ne Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ta zo daga Malumfashi duba Inna. Goggo ba a kai mata ciwo ta rasa maganinsa. Ta leƙa duro, ta gyaɗa kai irin na waɗanda suka ga jiya suka ga yau, ta ce, "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Baki ne aka yi wa wani a gidan nan, baiwar Allah ta tare. Ai amfanin ajiye su ke nan." Ta ce a sa mata tozali, a ɗiga mata nonon mai jego, a yi mata hayaƙin habbatussauda. Na yi tozalin, na yi hayaƙin. Nonon ne dai na kasa, don ban san da wane baki zan shiga gidan mai jego in ce ta sam mini na kififiya ba. Allah ya saka wa Goggo, da zuciya ɗaya ta faɗa, amma tozalin nan washegari sai da idon ya ƙara hawa.

Daga nan na tafi kemis. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce maganin ciwon ido nake so. Mai kemis ya ce babba ne ko yaro? Na ce babba. Namiji ko mace? Na ce mace. Ya ce tana ganin haske? Na ce gaskiya ba ta faɗa mini ba. Ya dube ni, na dube shi, ya miƙo mini ɗan kwalbar ɗigawa. Na yi kwanaki ina ɗiga mata, ina gamawa in mai da ita cikin ruwan nan dai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba a duron yake ba. Inna ta rage cin abinci. In na kai mata tuwo sai ta ɗan taɓa ta rufe, ta ce bakinta ba daɗi. Ta daina sauraron rediyo. Wuni take yi a kan tabarma, ta jingina da bango, hannunta ɗaya a bakin duro. Da ranar asibitinta ta zo, ma'aikaciyar da ke awo ta sake ɗaura mata abin awon har sau biyu, sannan ta harare ni ta ce jinin ya hau sosai, me muke yi wa tsohuwa a gida? Muna dawowa Inna ta shiga ɗaki, na bi ta da ruwan sha, sai na tarar tana ninke zannuwanta tana ɗaurewa a ɗankwali.

Na ce, "Inna, wanki za a yi?"

Ta ce, "Ruwan garin nan bai karɓe ta ba. Ni na ce a taho da ita, in ta mutu a nan ni na kashe ta. Ki ce wa Malam na gode, ya nemo mana mota."

"Inna, wa zai riƙa ba ki magani a can? In kin sake faɗuwa wa zai ɗaga ki?"

"Wanda ya ɗaga ni wancan karon."

Wancan karon sai da ta yi rabin wuni a ƙasa kafin maƙwabciya ta shigo aron turmi. Na san wannan, ita ma ta sani. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, domin na san halin uwata, in ta ɗaure kaya to ta ɗaure. Na dawo na roƙe ta ta ba ni mako biyu. Sai ta tura ƙunshin ƙarƙashin gado.

Maƙwabciyarmu Maman Ngozi, mai shagon kayan masarufi, ita ta ji ni ina ba wata labari a bakin shagonta. Ta shekara fiye da ashirin a Funtua, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ce, "Maman Hafsa, akuya in ya yi ciwo ina kuke kai shi? To wannan ma dabba ne. Ki kai shi asibitin dabbobi, ki daina wasa da kemis." Wallahi tunanin bai taɓa zo mini ba. A kaina asibitin dabbobi na shanu ne da tumaki.

Na tafi da sassafe da Laraba a bokiti, cikin ruwanta na duro, na rufe da tsohon zane. Layi na tarar har bakin ƙofa. Damina ta kusa, kowa ya kawo shanun huɗarsa a duba, ga masu raguna, ga wani mai gidan kaji da gawar kaza a buhu. Ni kaɗai ce mace. Wani dattijo mai bijimi ya kasa haƙuri ya ce, "Hajiya, me aka rufe haka kamar kayan lefe?" Na buɗe. Sai layi ya watse aka zagaye ni. Wani ya ce ta miya ce ko ta kiwo? Wani ya ce in ta mutu yana son ƙoƙon. Dattijon dai ya tsawata musu, ya ce rai rai ne, har ya matsa mini gefen bencinsa. Ban samu shiga ba sai bayan azahar, ga yunwa ga rana, ba ko rumfar kirki.

Likitar mace ce, yarinya da ita, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata a kan wannan. Ta sa safar hannu ta ɗago Laraba, ta duba idanun, ta duba hanci da baki. Sannan ta ce a wane ruwa take zaune? Na nuna bokitin da alfahari, na ce ga shi nan, kullum garau yake, ban taɓa bari ya yi duhu ba. Ta tambayi yaushe rabon da in zubar da shi gaba ɗaya. Na yi lissafi a raina, na ce tun farkon bazara, amma ina sa alam.

Ta ɗebo ruwan a kofi ta miƙo mini. "Hajiya, kada ki duba. Ki sunsuna."

Na kai hanci. Zarni ne ya buge ni, irin na makewayin da ya kwana biyu ba a wanke ba, har idona ya kawo ruwa. Kullum ina wucewa ta gefen duron nan, amma ban taɓa sunkuyawa ba, tunda idona ya riga ya gaya mini ruwan mai kyau ne.

Ta ce, "Alam laka yake kwantarwa, ba ya kwantar da fitsari. A nan take ci, a nan take kashi, a nan take fitsari, a nan kuma take buɗe ido. Ke daga sunsunawa kin yi hawaye. Ita a ciki take kwana."

Maganar nan ta zauna mini. Sai a lokacin na gane abin da kwamin gidanmu yake yi shekara da shekaru. Kowane guga da aka ja canjin ruwa ne, ba mu dai san muna yi ba. Likitar ta ƙara da cewa tuwo da burodi ba abincin kififiya ba ne, rashin abincinta na asali ya sa ta rasa abin da ta kira bitamin A, shi ma yana kumbura ido. Ta yi mata allura, ta rubuta man shafawa a ido. Man nan sai da Malam ya zagaye shagunan maganin dabbobi na garin nan kafin ya samu, kuma da tsadarsa, ga shi wata ya yi nisa. Ni ce dai na yi ta mita, ba shi ba.

Ga abin da aka ce mu yi, kuma shi nake so mai kififiya ya riƙe. Ruwa ba sai ya cika duro ba, wanda zai rufe bayanta ya isa, amma a zubar da shi kullum a sake sabo. Ba alam, ba sabulu, ba komai. In ruwan ja ne a bar shi ya kwana a bokiti ya kwanta da kansa, in na famfo ne ma a bar shi ya kwana, maganin da ake sa masa ya fita. A ba ta abinci a wani bokiti daban, in ta gama a mai da ita. A sa mata dutse ko bulo da za ta hau ta bushe ta sha rana. Duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Kuma don Allah a bar tozali a idon mutane.

Mako na uku da na huɗu jinya muka yi sosai. Sa wa kififiya magani a ido ba aikin mutum ɗaya ba ne. Da ta ji hannu sai ta lanƙwashe wuya ta ɓoye kai, ta saki wani wari da sai ka wanke hannu sau uku. Inna ce ke ɗora ta a cinya a kan tsumma, tana sosa mata ƙarƙashin haɓa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, har ta saki jiki ta miƙo kai, ni kuma in yi maza in shafa. Sai mu bar ta a busasshen baho na ɗan lokaci don kada ruwa ya wanke maganin. Ruwan da muka zubar ya koma gindin zogale, wanki kuma muka rage shi, Hafsa 'yata har tana ƙorafin kififiya ta fi ta gata.

Malam Sani kuwa, malamin makaranta guda, ya koma mai haƙar tana. In ya tashi aiki sai ya bi ta lambunan bakin dam da gwangwanin madara, ya dawo da tana ko 'yan ƙananan kifi, wandonsa duk laka. Ran nan ya shigo ya ajiye gwangwanin a bakin ƙofar Inna zai juya, kamar yadda ya saba. Tun zuwanta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta ce da ni in gaya masa. Sai na ji ta ce, "Malam, sannu. Allah ya ba ka masu yi maka." Ya tsaya kamar an dasa shi, ya ce amin, ya shige ɗaki da sauri.

Kumburin ya fara saɓewa a hankali. Ranar da aka yi ruwan farko, da safe Inna ta kira ni. Idon dama ya buɗe kaɗan, kamar tsagar wake. Bayan 'yan kwanaki na hagu ya biyo. Na jefa ɗan kifi a bokiti, Laraba ta bi shi da kai, ta cafke. Inna ta ce alhamdulillahi, ta ce in ɗumamo mata tuwon jiya. Da muka koma wurin likitar ta ce ta warke, sai ɗan farin tabo a idon hagu wanda ba zai hana ta komai ba. Awon Inna ma ya sauka. Na shiga share ɗakinta na ga babu ƙunshin nan a ƙarƙashin gado, zannuwan sun koma akwati. Na ce shi ke nan, Allah ya raba mu da wannan. Ina roƙon ya saka wa likitar nan da Maman Ngozi da dattijon mai bijimi, ya ba duk mai jinya haƙuri, ta mutum ce ko ta dabba.

Damina ta kankama, dawa ta kai gwiwa, sai wata yamma Inna ta ce in zauna.

"Rabi, tafkin bayan gari ya cika yanzu. Ku mai da ita."

Na ce, "Inna, ba ga shi ta warke ba? Mun gane kan abin. Kuma kin ce..."

"Ban ce ku mai da ni ba. Ni ina nan. Na ga zaman da ya fi mini, ba sai an gaya mini ba." Ta dubi duron. "Bazara za ta sake zuwa, ku sake rabon ruwa da ita. Ni ce mai hawan jini. Ita me ta yi da za ta ƙare rayuwarta a rabin duro?"

Na ce to wa za ta riƙa yi wa hira? Ta ce ai ga ni, in na iya saurare.

Na samu abin da nake nema, Inna za ta zauna, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ranar Asabar Malam ya ɗauke ni a mashin, bokiti a cinyata. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta dai sosa mata haɓa, ta ce a bi a hankali wajen ramuka. Muka wuce Bakori, muka ratsa gonaki har bakin tafki. Ruwan ja ne, ga ciyawa, ga kwaɗi na ta kuka. Na ajiye ta a kan laka. Ta miƙo wuya, ta ɗan tsaya, sai ta ja jiki ta shige, ruwa ya rufe.

Da muka dawo na tarar da Inna a kan tabarmarta. Na gaishe ta, ta amsa. Sai da na cire mayafi na zauna sannan ta ce, "Ta waiwayo?"

Na so in ce e. Na dubi fuskarta na ga ba za ta yarda ba.

"Ba ta waiwayo ba, Inna. Kai tsaye ta shiga."

Ta murza bakin zanenta.

"To madalla," ta ce. "Idon ya warke ke nan."